Zuwa aiki a keke a Kaduna: yadda za ka fara ba tare da ka jingine shi a mako na biyu ba

Duk Asabar da hantsi muna haɗuwa a rumfar wani mai gyaran keke a cikin Tudun Wada, mu biyar ko shida, kowa da ƙorafin kekensa. Akwai malamin firamare, akwai tela, akwai ma'aikacin asibiti, ni kuma a wani ofis nake a tsakiyar gari. Mai rumfar dattijo ne, Baba muke ce masa. Yana tsoma tub a kwanon ruwa yana neman inda kumfa za ta fito, mu kuma muna kan benci muna hirar aiki, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da titin da aka gyara da wanda ya lalace. A wannan majalisa na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan, sauran kuma titi ne ya koya mini.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, majalisar ta fara yin sababbin baƙi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin Napep da na acaɓa suka bi ta. Mutane da dama sun sayi keke a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne yawancinsu mako biyu suka yi suka jingine shi a zaure yana shan ƙura. Ba ƙarfi suka rasa ba. Sun bi hanyar da mota take bi, a lokacin da mota take bi, a kan keken da bai dace da jikinsu ba. A Kaduna, zuwa aiki a keke magana ce ta hanya da lokaci, ƙarfin ƙafa daga baya yake zuwa.

Fara da lissafi kafin ka taɓa aljihu. Buɗe taswira a wayarka ka auna nisan gidanka da wurin aiki. Mutumin da ba ya sauri yana cin kamar kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya a cikin gari, idan an haɗa da tsaye-tsaye. Ke nan kilomita 5 tafiyar minti 20 zuwa 25 ce, kilomita 8 kuma ta ɗan wuce rabin awa. Duk abin da bai wuce kilomita 10 ba, lafiyayyen mutum zai iya shi kullum idan ya saba. Wanda yake Rigasa yana aiki a Sabon Tasha kuwa, gaskiya ba zan ce ya fara da kullum ba. Sannan ka rubuta abin da kake kashewa a mota. A ce naira 1,500 ce zuwa da dawowa. A kwana 20 ta zama 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Ma'aikacin jiha da yake zuwa ofis kwana huɗu a mako, bisa tsarin da aka fara a Disambar 2021, sai ya yi nasa lissafin da kwana 16. Wannan adadin shi zai gaya maka watanni nawa keken zai yi ya biya kansa.

Sai batun keken. A nan ake yawan yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Iri uku za ka fi gani. Akwai tsohon baƙin keke irin na iyayenmu, Raleigh da Phoenix da danginsu, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe da kariya mai ɗaukar buhu. Ba ya mutuwa da wuri, kowane mai gyara ya san shi, amma yana da nauyi, ba shi da giya, birkinsa kuma ba ya kamawa sosai idan rim ya jiƙe. Akwai mai giya na gwanjo da ake shigowa da shi daga waje, mai kaurin taya. Sannan akwai sababbi masu ƙyalli da sifirin gaba da baya, waɗanda kuɗinsu yake da sauƙi. Waɗannan na ƙarshe ka bar su a inda ka gan su. Sifirin ɗin ba ya komai sai shanye ƙarfin ƙafarka, kuma kafin damina ta fita ya fara kuka. Ni a ganina, mai giya na gwanjo wanda ba shi da sifirin a baya shi ya fi dacewa da Kaduna, domin garin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar faranti. Duk wanda ya taso daga bakin kogi zuwa cikin gari ya san akwai hawa, ko da mai mota bai taɓa lura ba.

Kada ka je saye kai kaɗai. Ka ɗauki mai gyaran da za ka riƙa kai wa, ka ba shi ɗan abin shan ruwa, ku je tare. Baba yakan ce araha ba ta ado, kuma na ga yadda yake duba keke: yana ɗaga gaba ya juya taya ya zuba wa rim ido ya ga ko yana rangaji, ya kama tayar ya jijjiga hagu da dama ya ji ko boris ya ci, ya matsa sifok biyu-biyu da yatsa, ya bi duk mahaɗar ƙarfe ya nemi tsagewa ko waldar da aka rufe da sabon fenti. Idan haƙoran giya sun yi tsini kamar ƙaya, ya san sarƙa da firiwil, wato haƙoran da ke jikin tayar baya, duk sai an sake, sai ya rage ciniki. Jikin keke da ya taɓa karyewa kuwa, ko kyauta aka ba ka ka gode ka wuce. Ka kuma karɓi rasit ko takardar shaida daga mai sayarwa, kada wata rana wani ya tare ka ya ce kekensa ne.

Wani ƙaramin abu da ba a kulawa da shi: bawul. Ka nemi tub mai bawul irin na mota da babur, domin duk mai faci da ke bakin titi zai iya ba ka iska. Siririn bawul da yake zuwa da wasu kekunan gwanjo sai da famfonsa na musamman.

Idan keke ya zo gida, daidaita sirdi shi ne aikin farko. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Hau ka dafa bango, ka sa diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ya kamata ƙafar ta miƙe sosai. Da ka mayar da tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to wannan shi ne daidai. Ba dole ba ne tafin ƙafafunka biyu su kwanta a ƙasa kana zaune a sirdi. Idan za ka tsaya, sai ka zamo gaba ka sauke ƙafa. Daga nan ka sa kariya a baya, da madigadi, da ƙararrawa, da fitila fara a gaba ja a baya, irin waɗanda ake caji da cajar waya. Jaka a kan kariya take, ba a gadon bayanka ba, in ba haka ba ka isa ofis da taswirar gumi a riga. Ka sayi hular kwano da ta zauna daidai a kanka, ka ɗaura maɗaurinta.

Yanzu mu zo kan hanya, wadda ita ce zuciyar maganar.

Hanyar da Napep yake kai ka aiki ba ita ce hanyar kekenka ba. Titin Ahmadu Bello da ƙarfe bakwai da rabi na safe, musamman wajen kasuwar Gumi, wuri ne da kowa ke tsayawa inda ya ga dama, fasinja na sauka ta kowane gefe. Titin Nnamdi Azikiwe, wato baifas, na tireloli ne da tankoki. In ba dole ba, kada ka hau shi, in kuma dole ne, ka tsallaka shi kawai kada ka bi shi a tsaye. Amfanin Kaduna shi ne tsakiyar garin a tsare yake, tituna na tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma unguwanni irin su Unguwan Rimi da Malali da Unguwan Sarki suna da layuka masu kwalta da inuwar itatuwa waɗanda mota ba ta cika yawa ba. Ƙarin kilomita ɗaya a layi mai shiru ya fi gajeriyar hanya a cikin hayaƙin bas.

Ga yadda za ka yi. Ranar Lahadi da safe, lokacin da titi yake fayau, ka hau keken ka je har ƙofar wurin aikinka ka dawo, ba tare da gaggawa ba. Ka riƙe agogo. Ka lura da inda rami yake, inda murfin kwalbati ya ɓace, inda yashi ya kwanta a kwana, inda mai faci yake zama. Lahadi ta gaba ka gwada wata hanyar. Sai ka ƙara minti goma a kan abin da ka samu, domin ranar Litinin ba Lahadi ba ce.

Wurare biyu ne ba su da lungu. Na farko kogi. Wanda yake Barnawa ko Kakuri ko Unguwar Television yana aiki a arewacin gari, ko akasin haka, dole ya hau gada, kuma gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello nan ne kowa yake matsewa. Shawarar malamin firamaren nan namu, wanda shekaru yake tsallaka ta, ita ce ka wuce kafin bakwai. Idan ka makara ka tarar da gosulo, ka bi sahu a hankali, kada ka kutsa tsakanin babbar mota da ƙarfen gada. Na biyu shataletale da gadar sama. Gadar Kawo da aka sake ginawa aka buɗe a farkon 2022 ta sauƙaƙa wa masu mota, amma ta sa suna gudu, kai mai keke ƙasa ya fi maka. A babban shataletale kuwa, idan ka ga ba za ka iya shiga ba, sauka ka tura keken ka tsallaka da masu ƙafa. Ba abin kunya ba ne, ni har yau akwai wanda nake yi wa haka.

A kan titi, ka bi hannun dama kamar kowace mota, kamar yadda dokar ƙasar nan take tun 1972. Masu keke da yawa suna bin hannun da ba nasu ba wai don su riƙa ganin abin da ke tahowa. Wannan shi ya fi komai haɗari, domin direban da zai fito daga layi hagunsa yake kallo, bai sa ran wani zai ɓullo masa ta dama ba. Kada kuma ka manne da bakin lambatu. Ka bar kamar kamu biyu tsakaninka da gefen titi, don ka sami wurin kaucewa idan rami ya zo, haka nan tsakaninka da motar da aka faka, kada a buɗe maka ƙofa a fuska. Napep ɗin da ke gabanka ka ɗauka zai tsaya yanzu ba sigina, yatsunka biyu su zauna a kan birki. Kafin ka karya kwana ka waiwaya, ka miƙa hannu, ka nemi idon direba. Babbar mota kuwa, kada ka taɓa shiga gefenta na dama a mahaɗa. Direban ba ya ganinka, kuma idan ta juya tayoyin baya suna yanko kwana. Ka tsaya a bayanta ta wuce. Waya ta zauna cikin jaka, kunne a buɗe, ba abin sauraron waƙa. Wannan don mota ne, kuma don masu ƙwace ne.

Na san akwai mai cewa ai ko minista bai tsira ba. Gaskiya ne, Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, ya yi ta kiran mutane su koma keke, har mota ta ture shi yana kan nasa a Abuja. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne titunanmu ba a yi su da mai keke a zuciya ba, shi ya sa zaɓen hanya ya zama aikinka. Ina fata hukumomin jiha su duba wannan idan ana sababbin tituna, ko da layi ɗaya ne da fenti a gefe.

Makon farko kada ka yi kwana biyar. Yi Litinin da Laraba, sauran ka hau mota. Mako na biyu kwana uku. Mazaunai za su yi ciwo, cinya za ta yi tsami, wannan duk yana wucewa cikin mako biyu zuwa uku; ciwon da ke cikin gwiwa ne kawai ba a haƙuri da shi, a koma a duba sirdi. Yi amfani da giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, maimakon mai nauyi kana dannawa kamar mai daka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita.

Maganar gumi ita ce ta fi hana ma'aikatan ofis. Maganinta uku ne: fita da wuri, tafiya a hankali, da canjin riga. Ni ina fita bayan na dawo daga masallaci na karya, rana ba ta yi zafi ba. Ina sa riga mara nauyi, kaftanin aiki kuma a naɗe, ba a ninke ba, cikin leda a jaka, hula a samansa. Minti biyar na ƙarshe ina rage gudu jiki ya huce. Da na isa, buta da ɗan tawul sun isa, na sake riga na zauna. Takalmin aiki a ofis yake kwana. Ƙafar wando ta dama ka ɗaure ta da roba ko ka cusa a safa, domin sarƙa ba ta jin tausayin shadda. Babbar riga ranar Juma'a kuwa, a jaka take tafiya.

Akwai ranar da ma'aikacin asibitin nan ya kawo mana labarin ƙaninsa da yake karatu a Finlan. Ya ce a can idan ƙanƙara ta rufe ƙasa, wasu masu keke sukan rataye shi su ɗaura dogayen sanduna a ƙafa su koma wasan zamiya a kan ƙanƙara har sanyi ya wuce, wasu kuma, musamman a wani gari da ake kira Oulu, sai su sa taya mai ƙusoshi su ci gaba da zuwa aiki da makaranta a keke, saboda hukuma tana share musu hanyoyinsu. Baba ya ajiye sifana ya ce, "To ku kun ji, yaran nan. Mutane na tafiya a kan ƙanƙara, ku hazo ya hana ku?" Muka yi ta tattaunawa har azahar, domin mu ma shekararmu kashi-kashi take, kowane kashi da shirinsa.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da keke ya fi daɗi kuma ya fi lalacewa. Da asuba sanyi yana cizon yatsu, sai ka nemi safar hannu da rigar sanyi mai zif da za ka iya buɗewa a hanya. Takunkumi a hanci, tabarau a ido, man kaɗanya a leɓe. Idan hazo ya sauko, kunna fitila ko da rana ce. Ƙura tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar yashi mai cin ƙarfe, saboda haka duk mako ka goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa. Baƙin man da aka juye daga inji ba na sarƙa ba ne. Maris da Afrilu zafi ne. Gorar ruwa ba ta rabuwa da kai, kuma in da hali ka jinkirta dawowa har bayan la'asar. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ka rage kwanakin ko ka tsara dawowarka dab da shan ruwa, dabino a aljihu.

Damina ita ce jarabawa, musamman Agusta da Satumba. Ruwan Kaduna yakan zo da iska da ƙarfi amma sau da yawa ba ya daɗewa. Ka fake a rumfa ya fi ka yi ta fama. Rigar ruwa da leda mai kauri ta waya da takardu su zauna a jaka tun daga Mayu. Bayan ruwa, birki yana ɗaukar lokaci kafin ya kama, don haka ka fara matsawa tun da nisa. Ruwan da ya kwanta a titi kada ka ratsa shi idan ba ka ganin ƙasansa, ta yiwu lambatu ne buɗaɗɗe a ciki. Wanda yake gudu kuwa, ko a idon sawu yake, jira shi.

Faci zai same ka, ko ƙusa ko kwalba ko tsidau idan kana yanke ta fili. Abin da ya fi rage shi shi ne isasshiyar iska. Adadin da tayar take so a rubuce yake a gefenta, kuma taya mai laushi ita ce take tsinke tub a bakin rami. Ka riƙa yawo da tub ɗaya sabo, ƙaramin famfo, ƙarafan cire taya biyu, da sifanar da ta dace da notin tayarka. Ka ce wa mai gyaranka ya koya maka sau ɗaya kana kallo, sau ɗaya kana yi da hannunka. Abin da sababbi suke mantawa shi ne shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin a sa sabon tub. Na taɓa yin faci sau biyu a safiya ɗaya a kan hanyar Kawo saboda ɗan guntun waya da ya maƙale a ciki ban cire ba.

A wurin aiki, ranar farko ka je ka gaida maigadi da kyau. "Baba, ina kwana, ga kekena, ina ya dace in riƙa ajiyewa?" Shi ya san inuwa, shi ya san inda idonsa yake kaiwa. Duk da haka ka sa sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ka zagaya ta jikin keken da tayar baya, ka haɗa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Fitila da famfo ka cire ka shiga da su. Ka ɗauki hoton keken da lambar da aka buga a ƙarƙashinsa, wajen da feda take juyawa, ka ajiye a waya.

Abokan aiki za su yi magana. Wani zai tambaya ko lafiya, wani zai ce da girmanka. Telan majalisarmu ya ce shi amsarsa ɗaya ce, "Alhamdu lillahi, likita da aljihu ne suka haɗa baki." Bayan wata biyu, su ɗin ne za su zo a keɓe suna tambayar nawa ka saya. Idan sun zo, ka kawo su wurin mai gyaranka ranar Asabar, ku duba robar birki da iskar taya da notin da ya kwance, sannan Lahadi da safe ka raka su su auna tasu hanyar.